Burtuntuna a Rumbun Iri

Har yau ina jin ƙamshin ɗanyen karan dawa da aka sare a kakar shekarar da aka ba mu jihar Zamfara. Shekaruna bakwai, muna ƙauyenmu kusa da Moriki. Manya na girbi, mu yara mata muna bin kunya-kunya muna tsintar burtuntuna, wato zangarniyar da ƙwayoyinta suka koma baƙin gari. Da ita muke kwalli, mu zana gira, mu ɗiga a kumatu, mu yi ta yanga kamar amare.

Kakata Inna Kulu ce mai zaɓen iri a gidanmu. Dawa ce farfara da ta gada daga mahaifiyarta, kuma duk kaka sai ta zauna a gindin ƙirya ta ware manyan zangarniyoyi, ta ɗaure, ta sa a ƙaramin rumbu da ba a buɗewa sai ruwan shuka. Baƙaƙen kuwa takan ce, "Ɗiyata, wanga abu wuta ka cin shi." Ni na ga kwallina ya fi ƙarfin wuta. Na ƙunso ɗan damin burtuntuna guda a zane, na cusa shi tsakiyar irin, don nan ne kaɗai ba mai taɓawa. Sai na manta.

Da damina dawa ta yi kyau har masu wucewa na yaba ta. Da ta fid da kai, rabin gonar baƙi ne. Inna ta murza zangarniya ɗaya a tafinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Idona ya gaza, ban ƙara zaɓen iri." Baba ya sayo wani a kasuwa, farfararta ta ƙare a tukunyar tuwo. Inna ta rasu shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, don tsoro ban faɗa mata abin da na yi ba.

Yanzu gonar ta zama daji, ba mai iya zuwa, rumbun ma ya rushe. Sai da na je jami'a na ga baƙin garin burtuntunar nan a madubin ƙara girma: kowace ƙwaya tana da bango biyu, na waje mai kauri, na ciki siriri yana rungume da rai. A haka take manne wa iri, ta yi barci har ya tsiro, sannan ta kama shi. Idon Inna lafiyarsa lau.