Tsohuwar Ɗakin Baya

Wata rana na raka ƙawata Balaraba duba gidan da za ta saya a Funtuwa.

Nas ce a asibiti. Ta daɗe tana haya ita da 'ya'yanta, kuma mai gidan ya sa ta gaba da ƙarin kuɗi duk shekara. Da ƙyar banki ya yarda ya ba ta lamunin sayen gida, a riƙa cira daga albashinta. Amma an yanka mata wa'adi. Idan ya cika ba ta kawo gida ba, sai ta sake bin layi daga farko.

Wadda ta shige mata gaba a cinikin gidan wata dillaliya ce, Hajiya Tasallah.

Ni fa ku san ni, ban yarda da dillali ba, namiji ne ko mace. Mutumin da ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa, me zai gaya maka ban da abin da kake son ji?

Gidan ya yi. Ga rijiya, ga tsakar gida wadatacce. Samari biyu ne ke sayarwa, sun ce gadon mahaifinsu ne. Takarda da sunan marigayin, banki ya duba ya gamsu, har ya turo mutuminsa ya zagaya ya yi wa gidan kuɗi.

Ɗaki ɗaya ne can baya muka tarar a rufe. Babban cikin samarin ya ce wata tsohuwa ce 'yar haya, ƙarshen wata za ta tashi.

Balaraba har ta fara raba wa yara ɗakuna a baki.

Daga nan Hajiya Tasallah ta fara abin da ya tayar mini da hankali.

Aka zo sa hannu, ta ce a dakata. Washegari ta ce a ƙara dakatawa. Aka gaya mini an gan ta a unguwar ita kaɗai, tana shiga gidajen maƙwabta, ta fito daga wannan ta faɗa wancan.

Na ce wa Balaraba matar nan ta samu wani mai saye da ya fi ki tsoka, so take wa'adinki ya ƙare ta miƙa masa. Balaraba ta daina barci. Ni kuwa raina ya ɓaci sosai, har na shirya abin da zan gaya wa dillaliyar a gaban mutane.

Sai ga wayarta. Ta ce mu zo gidan da hantsi, mu kaɗai, kada mu gaya wa samarin.

Wannan ma bai yi mini ba, amma muka je.

Ƙofar ɗakin bayan a buɗe take. Wata tsohuwa na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, maƙwabta suna ce mata Gwaggo Kande. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Ta ce ai ta san mu ne masu gyara, 'ya'yan yayanta sun gaya mata za a sake rufin gidan kafin damina, shi ya sa mutane ke ta zuwa suna aune-aune. Ta yi ta sa musu albarka.

Hajiya Tasallah ta matsa kusa da ita.

"Gwaggo, gidan nan na wane ne?"

"Na babanmu ne, 'yar nan. Ni da marigayi yayana muka gada. Ba mu raba ba, don ba mu taɓa faɗa ba."

"To sayar da shi za a yi, Gwaggo. Ga mai sayen nan."

Tsohuwar ta ajiye faifan. Ta dubi Balaraba.

"Ni kuma ina za a kai ni?"



Kun san yadda muke. Idan maza za su shiga gida, a yi sallama a ce za a shigo, mata su shige ɗaki su ja ƙofa. Dillalan da suka riga Hajiya Tasallah zuwa maza ne. Mutumin banki namiji ne. Mu ma ranar da muka fara zuwa, tare da samarin muka shiga. Duk wanda ya zo, Gwaggo sai ta rufe ɗakinta don kunya, su kuwa su zagaya su fita. Mai kaso a gidan tana bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa gaishe ta. Sai da mace ta shiga gidajen maƙwabta ta zauna hira da mata, sannan maganar ta fito.

Da Balaraba ta sa hannu, ko dai ta kori tsohuwa daga gidan ubanta, ko ta yi shekara da shekaru tana zaryar kotu ana cire mata albashi a kan gidan da ba ta kwana a ciki.

A tsakar gidan ta ce ta fasa.

Hajiya Tasallah ta kai maganar gaban mai unguwa. Aka kira malamai aka raba gado, aka ja wa Gwaggo katanga, aka fasa mata ƙofarta ta kanta. La'adar Hajiya ta tafi ke nan. Har yanzu ina mamakin dillalin da zai ɓata cinikinsa da hannunsa, kuma har yanzu sauran ban yarda da su ba.

Wa'adin Balaraba ya wuce. Ta sake biyan hayar shekara da ƙarin da aka yi mata, ta koma bankin ta fara daga farko. Na ga kukanta ranar, kuma ya taɓa ni.

Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce ita mace ce mai neman inda ba wanda zai ce mata tashi, ba za ta samu ta hanyar tayar da wata ba.

Darasi: Takarda tana nuna sunan mai gida, ba ta nuna wadda ke bayan ƙofa. Kafin ku sayi gidan gado, ku tura mace ta shiga har ciki ta gaisa da matan gidan. A bar mata su yi dillancin gidaje, akwai ɗakunan da su kaɗai ke iya shiga.

Idan kun san mai shirin sayen gida, ku tura masa wannan kafin ya sa hannu.