Hular da Ba Tashi Ba

Mutanen garinmu Agiye sun ɗauka biyana aka yi na tona wa dattijon nan asiri, wasu ma cewa suke 'yar leƙen asirin jam'iyya ce ni. Duk ba haka ba ne. Ba wanda ya sa ni. Son a yaba mini ne kawai, kuma wannan ya fi abin da ake faɗa yi mini ciwo.

Lokacin ban daɗe da barin kwalej ba, ina aiki a shagon hoto na kawuna. Ba ni da haƙuri, kowa ya sani. In mutum ya tsaya gyaran hula gaban kyamara sai in ce masa ba aure za a ɗaura masa ba. Shekarar da aka buɗe jam'iyyu aiki ya yi mana yawa, hoton kati da hoton mitin. A ƙofar shago muna da allo inda muke manna hotuna masu kyau, ranar kasuwa mutane su taru suna neman fuskokinsu. Allon nan ne tallarmu, ni ke zaɓen abin da zai hau.

Wata rana na je Cadawa ɗaukar mitin ɗin wata sabuwar jam'iyya. A gefen taron wani dattijo ya zo wucewa da jakinsa, ya ɗauko igiyoyi zai kai kasuwa. Samarin da ke rabon hulunan jam'iyyar suka ɗora masa ɗaya, ya yi dariya, ni kuwa na danna. Ya ji ƙarar, nan take dariyar ta ɗauke. Ya biyo ni yana kira na ɗiyarsa, ya ce don Allah kada hoton nan ya fita, gonar aro yake nomawa, mai gonar kuma alhaji ne babba a ɗaya jam'iyyar. Na ce masa Baba ya kwantar da hankalinsa, wa zai kula da hoton mai jaki? Ban ko tsaya na dube shi ba.

Da na wanke fim ɗin, duk cikinsa ba hoton da ya kai nasa kyau. Hasken ya sauka daidai kan goshinsa, ga giɓi, ga dariya. Na yanke jakin, na yanke igiyoyin, na ƙara girman fuskar da hular, na manna a tsakiyar allo. Na ce wa kaina Cadawa dabam, Agiye dabam. Ashe ƙauyensu tsakaninmu da Gazawa yake, kasuwarmu suke ci. Ɗan alhajin ya gani.

Matar dattijon ce ta zo shago. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ce alhaji ya aiko su bar gonar, wanda zai ci tuwonsa ya sa hular abokan gabansa ya je can su ba shi ƙasa. Ta ce sun riga sun kai taki, ga hadari ya fara haɗuwa. In na ga gajimare ya taso daga gabas sai gabana ya faɗi, don na san da an yi ruwan shuka magana ta ƙare. Kawuna ya ce in zauna, siyasa ba a shiga tsakaninta. Ban ji ba.

Na koma ɗakin wankin hoto na fitar da hoton cikakke, da jakin da igiyoyin da hannun saurayin da ke ɗora hular. Na shiga motar Gazawa zuwa gidan alhajin ina ganin na gama gyara ɓarnata. Sai a zauren alhajin, ina jira a yi mini iso, na duba hoton da kyau. A bayan jakin akwai mutum biyu 'yan ƙauyen, suna ɗaga hannu, su kam da gaske mitin suka je. Matar ta taɓa gaya mini kusan duk ƙauyen gonakinsa suke nomawa. Aka yi mini iso. Na dafe wurin da yatsana na miƙa wa alhajin. Ya ce yarinya ta ɗauke yatsanta ya gani da kyau. Na ce a'a. Ya sake cewa, a hankali, yana kallon yatsan ba ni ba. Na naɗe hoton na tura cikin zanena, na ce ranka ya daɗe na rantse dattijon wucewa kawai yake. Ya ce hoto ba ya ƙarya, shi ya ga hula.

An yi ruwa, wani ya shuka gonar. Dattijon ya yi daminar yana ƙwadago a gonakin mutane. Na gan shi sau ɗaya a kasuwa, ya amsa gaisuwata, ya tambayi lafiyar kawuna, ya ja jakinsa.

Masu riƙe kyamara, musamman yanzu da kowace hula ke da ma'ana, ku sani abin da kuka yanke daga hoto zai iya zama shi ne gaskiyar mutum. Wanda ya ce kada ku fitar, ya san abin da ba ku sani ba. Ni na ƙone fim ɗin, na cire allon, kawuna na ta faɗa. Mahaifina na da wata gona kan hanyar Cadawa da ya bari ta huta. Jibi zan je in durƙusa gabansa in roƙa wa dattijon ita, kuma ba zan tashi ba sai ya amsa.