Surukina Yana Samun Sauƙi a Lahira

Surukina ya mutu bai yafe mini ba. Laifina kuwa na auri ƴarsa. Shi Kirista ne, mutumin Benin, mai gyaran lantarki a kamfanin haƙar uranium na Arlit. Ni Musulmi ne ɗan Damagaram, direban motar da ke kai ma'aikata bakin aiki. Kullum sai ya shiga motata ya wuce kujerar baya, ya kafa wa ƙeyata ido har mu isa. Ƙeyar nan ta sha kallo.

Ni abin bai hana ni barci ba, amma ya ci wa matata rai. Ko ana tsakiyar cin abinci, da an ambaci uban sai ta tsame hannu. Damuwarta ita ce ya tafi yana fushi da ita, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa ya sake magana.

Surukata ce ta ƙi yarda. A cewarta rai ba ya tsayawa inda mutuwa ta same shi. Yana can kusa da Ubangiji, ƙauna tana ta ratsa shi kamar ruwa a garka. Wani dattijon majami'arsu ya ce mata a'a, yadda mutum ya mutu haka zai tabbata. Ta ce masa, “Ka taɓa mutuwa ne?” Da aka kai wa limaminsu maganar, ya yi dariya ya ce ƙaunar Allah dai ba ta da iyaka, sauran kuwa bai je ba tukuna.

Daga nan tsohuwa ta fara kawo mana rahoto. Duk shekara suna da ranar zuwa maƙabarta, su share kaburbura, su shafa musu farar ƙasa, su kunna kyandir. Aikin ƴan gida ne, ni nawa in kai su in jira a mota. Tana dawowa sai ta ce, “Bana ya daina harararka.” Wata shekarar kuma, “Yanzu zai iya shan shayinka, amma kada ka cika sukari.” Dariya nake yi, amma wallahi ina ɗokin rahoton nan fiye da yadda nake nunawa.

Shekarar da ƙafarta ta fara ciwo, na raka ta har ƙofar maƙabarta, na juya. Ta riƙe mini hannun riga.

“Ina za ka? Ɗauki bokiti.”

“Mama, ba zai so ba.”

“Na da ne ba zai so ba. Shekararsa nawa gaban Ubangiji? Ko dutse ne ya isa ya yi laushi.”

Ni addinina bai koya mini haka ba, ban kuma ce na yarda ba. Amma na durƙusa na yi ta shafawa, farar ƙasa har gemuna. Matata ta tsaya a kaina tana nuna mini inda na tsallake, tana dariya hawaye na zuba. Can ta dafa kabarin ta ce, “Baba, duba aikinsa. Tuƙi kawai ya iya.”

Tun da ya rasu ban taɓa jin ta kira shi ba tare da ta roƙe shi ya yafe mata ba, sai ranar.