Baba da Sandar Fatsa Mai Ƙudan Ƙarya

Ko tsufa ya kawo mini mantuwa, ba na jin zan manta da ranar da muka kai mahaifina bakin dam ya gwada wata sandar fatsa sabuwar fitowa.

Baba masunci ne ɗan masunci daga ƙasar Haɗeja. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hannun hagu ya daina riƙe raga, sai na ɗauko shi na dawo da shi gidana a Dutse. Mu a ganinmu gata muke yi masa. Ko buta ya miƙa hannu zai ɗauka, sai wani ya riga shi. Mutumin da a da ba a ƙure shi a hira ya koma wuni a kan tabarma yana kallon katanga, abinci ma sai an yi ta lallashi. Likita ya ce jiki yana sauƙi, amma ni ina ganin mahaifina yana ƙarewa a gabana, abin yana cin raina.

Ana haka sai maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da raga da ƙugiyoyi a kasuwa, ya yi sallama da wata doguwar jaka. Ya ce dilansa ne ya aiko masa da samfurin sabuwar sanda, shi kuma ba zai saro ba sai masani ya gwada. Na fara ba shi haƙuri cewa Baba ba shi da lafiya, sai na ji murya a bayana.

"Kai aka tambaya? Alhaji, miƙo in gani."

Sandar gaɓa-gaɓa ce ake harhaɗawa, ba ta fi karan dawa nauyi ba, ga zare mai kauri a naɗe a gindinta. Baba ya jujjuya ta, ya tambayi inda ake sa tana. Alhaji ya ce ai ba a sa komai, gashin tsuntsu ne aka ɗaure a ƙugiyar ya yi kamar ƙuda, kifi ya gani ya kawo baki. Baba ya yi salati.

"Mu a gidanmu, kifin da za ka ci sai ka fara ciyar da shi. Yanzu ko loma ɗaya ba za a ba bawan Allah ba?"

Ya ce wannan sandar 'yan damfara ce. Amma fa bai sake ta ba.

Ranar Asabar ni da Baba da Alhaji muka ɗauki adaidaita zuwa dam ɗin Warwade. Jifan farko, ƙugiya ta fizge hular Alhaji ta cilla ta ruwa. Na biyu, zare ya nannaɗe a bishiyar ƙaya, ni na sha suka wajen warwarewa. Makiyayan da ke shayar da shanu a gefe suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce mu tafi gida kada Baba ya gaji. Hararar da ya watsa mini, rabona da irinta tun ina firamare, kuma wallahi daɗi ta yi mini.

A hankali ya gano abin ba na ƙarfi ba ne, wuyan hannu ne ke aikin. Zaren ya fara miƙewa a iska, ƙudan yana sauka a kan ruwa a natse. Sai dai dole wani hannun ya riƙa jan zaren. Na matsa zan taimaka, sai na ga hannun hagun nan da muka fid da rai da shi ya ɗago yana rawa, ya damƙi zaren da yatsu biyu. Na ja da baya na bar masa.

Can ruwa ya motsa, sanda ta lanƙwashe. Karfasa ce, ba ta wuce tafin hannu ba. Mutumin da ya sha cika kwalekwale da kifi ya ɗaga wannan 'yar mitsila yana dariya har da tari. Ni kuwa na juya baya ina share ido, na ce ƙura ce.

A hanyar dawowa Alhaji, da jiƙaƙƙiyar hula a hannu, ya nemi jin hukunci. Baba ya ce sandar ba nauyi, mariƙinta yana da daɗi, amma iska kaɗan takan ɗauke zaren, tarwaɗa ko kallonta ba za ta yi ba, kuma mai iyali in ya dogara da ita zai kwana da yunwa.

"To, Baba, in saro ko kada in saro?"

"Gaggawar me kake yi? Ban gama gwadawa ba."

Alhaji ya kalle ni ya yi murmushi, bai ƙara neman sandarsa ba. Shekaru ke nan, duk Asabar muna dam. Baba da kansa yake ɗaura ƙudajensa da gashin zabo, har zabin unguwa sun san shi, suna hango shi suke watsewa. In Alhaji ya zo gaisuwa yakan tambayi inda gwaji ya kwana, Baba ya ce da saura.

Abin da na koya shi ne, hutun da muke ɗora wa tsofaffinmu wani lokaci ya fi ciwon kayar da su. Na ba Baba magani da katifa da abinci, amma bai tashi ba sai ranar da wani ya zo ya ce yana buƙatarsa.