Gayaunata da Ranar Lahadi

Ban taɓa shan wahala irin ta daminar da ta biyo bayan fari ba, kuma ba yunwar ce ta fi ci mini rai ba. Yunwa kowa ya sha ta. Daga Gaya har Ajingi babu gidan da ba a kwana da ganyen tafasa a ciki ba. Abin da har yau in na tuna yake ƙona mini rai shi ne yadda 'yan'uwana na ikilisiya suka yi da ni a kan 'yar gonata.

Mu asalinmu Maguzawa ne, ƙauyenmu yana can bayan Toranke. Kewaye da mu duk Musulmi ne, kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, ba mu da rigima da kowa. Masu bin Almasihu a ƙauyen ba mu da yawa. Ɗaki ɗaya na jinka ya ishe mu sujada, da dakalan laka a jere, da wani guntun ƙarfe a rataye jikin darbejiya da ake bugawa in lokaci ya yi. A gidanmu ni da matata kaɗai muka yi baftisma. Babana ya tsaya a kan abin da ya gada. Bai hana ni ba, bai kuma sa mini albarka ba.

To, muna cikin gandu. Ni da yayyena da ƙannena duk gonar Baba muke nomawa, daga fitowar rana har la'asar, shi kuma ya ciyar da gidan daga rumbunsa har a yi girbi. Kowane ɗa mai aure yana da 'yar gayaunarsa a gefe. Abin da ya noma a ciki nasa ne, da shi zai ci da iyalinsa da rani in Baba ya liƙe rumbun gandu. Ranar zuwa gayauna a gidanmu Lahadi ce. Haka na tashi na tarar, tun kafin wani ya ji labarin bishara a ƙasarmu. Da na tuba na bi Almasihu sai na bar Lahadin, na koma lallaɓa gayaunata da yamma in an tashi daga gandu. Shekaru ina haka, ina samun abin da na samu, ban yi wa kowa kuka ba.

A wannan shekarar ruwa ya zo kamar da gayya. Ƙasa ta daɗe da ƙishi, da ta sha sai ta fito da ciyawa irin wadda ban taɓa gani ba. Harƙiya ta rufe mini gero tun bai kai gwiwa ba. Ga jiki babu ƙarfi, abin da ake ci bai taka kara ya karya ba. In na tashi daga gandu na je na yi kunya biyu uku, sai idona ya riƙa ganin duhu. Matata kuma tana da tsohon ciki, ba ta iya sunkuyawa. Yammacin Laraba ma ba nawa ba ne, domin ranar ce dukanmu muke zuwa noman gonar mai bishararmu, wanda muke ce wa Malam. Gonarsa kuwa tas take, ko tsinke ba ka gani.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada na bi ta gayaunar don in duba. Geron ya yi rawaya, ya siririce, kamar yaron da aka yaye da wuri. Na tsaya ina kallonsa. Na koma gida na ɗauko fartanya. Ban ɓuya ba, gonar a bakin hanya take. Na yi noma har rana ta faɗi, kuma ba zan yi ƙarya ba, ina yi ina rera waƙar da muka yi da safe.

Wani dattijon ikilisiya ya wuce a kan jakinsa. Ya ce, "Sannu da aiki, ɗan'uwa." Na ce, "Yauwa, Baba, sannu." Iyakar abin da ya ce ke nan. Shi gandunsa nasa ne, 'ya'yansa duk masu bi ne, tuni ya mayar musu da ranar gayauna Asabar.

Lahadi ta zagayo. Malam ya buɗe Littafi ya karanta mana labarin wani mutum a zamanin Musa, da aka kama yana tara itace ranar hutu, aka fitar da shi bayan zango aka jajjefe shi har ya mutu. Ban taɓa jin wannan labarin ba sai ranar. Malam ya karanta shi a hankali, ya sake karantawa. Ya ce itace ne fa kawai, abin hura wuta, amma Allah bai ce ƙaramin abu ne ba. Ya ce akwai waɗanda suke ganin cikinsu ya fi dokar Ubangiji. Bai kama sunana ba. Ina amfanin kama suna a ɗakin da in ka yi tari kowa ya san naka ne? Mata suka riƙa waiwayen matata. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

Ba na so in zalunci Malam. Mutumin kudancin Zariya ne, ya baro danginsa ya zo ya zauna da mu cikin sauro. Shi ya koya mini haɗa baƙi har nake iya rubuta wannan. Amma ranar ya ɗauki dutse ya ba kowa a ɗakin ya riƙe, kuma bai taɓa taka ƙafarsa ya ga geron nan ba.

Da aka tashi, sai aka ce in tsaya. Muka zauna gindin darbejiya, ni da Malam da dattawa biyu, har da mai jakin nan. Aka ce an sa ni horo. Zan riƙa zama a dakalin baya kusa da ƙofa, ba zan ci jibin Ubangiji ba, wato gurasar da masu bi suke ci tare a sujada, sai na tashi a gaban jama'a na ce na yi zunubi, na kuma yi alkawarin ba zan ƙara ba.

Na ce, "Malam, alkawarin nan in na yi shi, me zan ba matata da rani?"

Ya ce, "Ubangiji yana ciyar da tsuntsaye."

Na ce, "Yana ciyar da su, da gerona ma yake ciyar da su. Amma sai geron ya yi kai tukuna."

Ɗaya dattijon ya yi dariya, ya ga babu mai taya shi, ya haɗiye.

Na ce, "Ba kai ka taɓa gaya mana in tunkiyar mutum ta faɗa rami ranar hutu ya ciro ta ba?"

Malam ya ce, "Tunkiya rai gare ta, ɗan'uwa. Gero zai jira Litinin."

"Litinin ta Baba ce."

"Talata fa?"

"Ta Baba ce. Duk nasa ne. Laraba da yamma kuma taka ce."

Tun da na riga na faɗa, sai na ƙarasa. Na ce to ga shawara, Larabar nan a bar gonar Malam ta huta sau ɗaya, tun da babu ciyawa a cikinta, a zo a yi mini gayya. Yamma ɗaya ta isa. In an yi haka, ni kuwa in tashi a gaban jama'a in faɗi duk abin da ake so.

Dattijon mai jaki ya gyara zama ya ce, "Gonar Malam aikin Ubangiji ce. In aka yi maka yau, gobe kowa ya ce a yi masa. Kuma wanda yake cikin horo ba a yi masa gayya, sai a ce lada aka ba shi."

Na dubi Malam ko zai ce wani abu. Gonarsa ce, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya dubi Littafin da ke kan cinyarsa. Can ya ce, "Ka je ka roƙi babanka ya canja maka rana. In ya ƙi, ka san an ce wanda ya fi son ubansa a kan Ubangiji bai cancanta ba."

Na ce, "An kuma ce a girmama uba."

Ya ce, "Duka biyun suna ciki."

Duka biyun suna ciki! Shi ke nan, an sallame ni, suka tashi suka karkaɗe rigunansu suka tafi cin abinci.

Mutane kan tambaye ni, to me ya sa ban bar su ba? Ai ba don su na shiga ba. Ranar da aka tsoma ni a ruwa ba Malam na yi wa alkawari ba. Na daina tsoron abubuwan da Baba yake yanka wa kaza, na samu barci, ba zan koma ba don wani mai jaki. Amma gero kuma ba ya jin wannan magana.

Da la'asar na samu Baba a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, alfarma nake nema. A mayar mini da ranar gayauna Litinin. Ni kaɗai."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Lahadin da na ba ka, ina ka kai ta?"

"Ta Ubangiji ce, Baba."

"To shi Ubangijin naka ya ba ka Litinin a cikin nasa. Ni tawa ta gandu ce."

Na ce gero zai mutu. Ya ce ya gani, ya bi ta wajen. Sai a lokacin ya ajiye ƙotar ya dube ni. Ya ce, "Kai, yaro, ban hana ka addininka ba. Yayyenka sun so in kore ka, na ce a bar ka. Amma in na ba ka Litinin, wancan ya ce Juma'a yake so, wancan ya ce kasuwa, wa zai noma abin da kuke ci? Ubana bai canja ba, ni ma ba zan canja ba. Duk ranar da fartanyarka ta wuni a gayauna ranar gandu, matarka ta kafa murhunta. Kada ta ƙara kawo ƙwarya bakin rumbuna."

Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa na san ba zai janye ba. Fita daga gandu da damina, uba yana raye, a wajenmu abin kunya ne da ake yi wa jikoki gori da shi. Kuma babu ko tiya ɗaya ta hatsi a ɗakina.

Na gaya wa matata duk yadda aka yi. Tana zaune ta miƙe ƙafafu don sun kumbura. Ta ce, "Su waɗanda suka ce ka bar Lahadi, za su auno mana?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ka sani mana." Sannan ta ce akwai rama a bayan ɗaki, kuma ƙanwarta a Gafasa ba za ta hana ta dussa ba.

Washegari Litinin, da gari ya waye, 'yan'uwana suka taru a ƙofar gida kamar kullum, kowa da fartanyarsa a kafaɗa, Baba yana gaba. Na fito da tawa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Suka yi gabas wajen gandu, ni na yi arewa. Babban yayana ya kira ni, ya sake kira, na ji Baba ya ce masa, "Ƙyale shi." Na isa gayauna raɓa ba ta bushe ba, na fara daga kunyar bakin hanya.