Kifin Injiniya Rosli

Har gobe ban manta da wata ranar Alhamis ta watan Maris na 2011 ba, ranar da na karkatar da motar kamfani cikin cunkoson unguwar Deira a Dubai saboda kifi. Tunda ku sababbin direbobi kuna yawan tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai a aikin nan, bari in ba ku wannan.

Ni Bitrus, mutumin Numan ne. Na zo Dubai a 2009, na kama tuƙi a wani kamfani mai gyaran injinan jiragen ruwa. Ga wanda bai san tsarin ba, kowace safiya shugaban direbobi zai miƙa maka takardar aiki, a ciki an rubuta wanda za ka ɗauka, inda za ka kai shi, da hanyar da za ka bi. Kowace mota kuma tana da na'urar da ke nuna wa ofis inda kake. Ka ratse ba izini, gargaɗi ne. Ka maimaita, sai ka fara tunanin makomar bizarka. Ba a cin abinci a mota. Tashar jiragen ruwa kuwa ba a shiga sai da takardar izini mai wa'adi, in ya wuce sai an sake nema daga farko.

Shugabanmu a lokacin Malam Isufu ne, mutumin Maraɗi, mai tsantseni, wanda ko fushi zai yi sai ya fara da "bon", wato "to" da Faransanci. Da safiyar ranar ya kira ni gefe.

Ya ce, "Bitrus, tashar jiragen ruwa ta Fujaira za ka kai Injiniya Rosli. Akwai jirgin da injinsa ya ƙi tashi, kuma shi kaɗai ya san irin injin. Izinin shigarku zai ƙare da azahar. Gobe Juma'a ce, in kun makara jirgin ya kwana biyu a tsaye, mu kuma mun shiga uku."

Na ce, "An gama, Oga."

Sai ya rage murya. "Ka lallaɓa shi. Ya gaya wa manaja ƙarshen wata zai koma gida. An yi, an yi, ya ƙi faɗin dalili."

Injiniya Rosli ɗan Malesiya ne, dattijo mai furfura a gefen kai, bai daɗe da zuwa ba. Direbobi ba sa son ɗaukarsa. Ba zagi, ba faɗa, amma za ku yi tafiya mai nisa bai ce uffan ba, sai kallon taga. Ni dai abin da na lura da shi, rigar aikinsa ta fara yi masa yawa. In mun tsaya cin abinci sai ya juya shinkafa da cokali, ya sha ruwa, ya tashi.

Na ɗauke shi a masaukinsa a Bur Dubai. Takarda ta ce in bi babbar hanyar bayan gari don kauce wa Deira. Ba mu yi nisa ba wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka kamar ba ya so, sai na ji muryarsa ta canza. Ya miƙe zaune, yana magana da yarensu da sauri, har da dariya. Na leƙa madubi don in tabbatar shi ɗin ne.

Da ya kashe wayar sai ya dafa kafaɗata. Da Turanci muke magana, nasa da nawa duk na lallaɓawa ne.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ka san Muraƙƙabat?"

Na ce, "Can na fara zama da na zo, Injiniya. Amma cikin Deira take, ba hanyarmu ba ce."

Ya ce, "Akwai wata 'yar garinmu, Kak Midah. Yau ta yi kerofok lekor. Ba kullum take yi ba, sai an kawo mata gari daga gida. In ba mu je yanzu ba, ya ƙare."

Na ce, "Mene ne shi?"

Sai kawai ya ce, "Kifi ne. Don Allah."

Na san doka, na kuma ga fuskar mutumin. Sai na gangara gefen titi na kira Malam Isufu.

Na ce, "Oga, Injiniya yana so mu biya Muraƙƙabat."

"Lafiya? Asibiti?"

"A'a. Kifi."

 Ya ce, "Bitrus, ka karya kumallo kuwa?"

Na ce, "Oga, tun da mutumin nan ya zo ban taɓa ganin haƙoransa ba sai yanzu. Kuma kai ka ce in lallaɓa shi."

Ya ja numfashi. "Bon. Zan rubuta ni na ba da izini. Amma in ƙofar tasha ta rufe kuna waje, ni da kai jirgi ɗaya za mu hau zuwa gida. Yalla, ku tafi."

Muka tsallaka gada muka faɗa Deira. Wanda ya san Muraƙƙabat da hantsi ya san samun wurin ajiye mota sa'a ce. Allah ya taimake ni wani mai kai ruwa yana fita na shige gurbinsa. Na ce zan jira a mota, Injiniya ya ce atafau sai mun hau tare.

Tun daga matakala warin kifi da mai ya tare mu. A ƙofar fulat ɗin takalma ne jibge, mutanen Malesiya maza da mata a tsaye, wasu da kayan aikin otal, kowa da robarsa a hannu. Kak Midah, wata gajeriyar mata mai fara'a, tana gaban kasko. A kan tire na ga wasu abubuwa dogaye, launin toka, an murza su kamar igiya. Gaskiya ba su ba ni sha'awa ba. Injiniya ya yi mini bayani: ana kirɓa naman kifi da garin sago, wani gari mai danƙo irin na rogo, a sa gishiri, a murza, a dafa a ruwa, sannan a yanka a soya. Tana jefa su a mai suna kumbura suna yin ja.

Da ta ji tashar jiragen ruwa za mu, sai ta yi wa mutanen layi magana, suka matsa mana da dariya. Ya sayi soyayye leda biyu, da ɗanye wanda zai soya a gida, ta zuba mana wata jar miyar barkono a ƙaramar roba. Ta dube ni ta ƙara guda uku a kai, ta ce wa Injiniya wani abu. Ya ce, "Wai na direba ne, kyauta, don ka gane hanya gaba."

Muna shiga mota na tuna masa ba a ci a ciki. Na ce ya bari mu kai duwatsun Masafi mu tsaya.

Ya zaro ido. "Masafi? Kafin nan ya huce! In ya huce an ɓata shi."

Sai muka yi sulhu. Na buɗe bayan motar, muka tsaya a bakin titi, muka ɗora ledar a kan akwatin kayan aikinsa. Ya ga ina juya nawa ina dubawa, ya ce, "Ci, halal ne." Na ce, "Ni Kirista ne, Injiniya, launin ne ke ba ni tsoro." Ya yi dariya har da tari.

Na tsoma a miya na gatsa. Bayansa ƙaras-ƙaras kamar ƙosai mai zafi, cikinsa kuma da danƙo kamar ɗanwake, sai ɗanɗanon kifi ya cika mini baki, barkonon da zaƙi-zaƙi yana bin baya. Ni da na tashi a bakin Binuwai, rabona da kifin da ya amsa sunansa tun barina gida. Ban san lokacin da na kai hannu na biyu ba. Shi kuwa ya rufe ido yana tauna a hankali, mai na bin yatsunsa. Ni na tuna da agogo na ce, "Injiniya, halas, ya isa haka, mu tafi."

A Sharja muka tarar da cunkoso, motoci sun tsaya cak. Gumi ya fara karyo mini duk da sanyin mota. Kyaftin ɗin jirgin ya kira yana faɗa, ina jiyo muryarsa daga inda nake. Injiniya ya saurare shi tsaf, ya yi masa 'yan tambayoyi, ya ce su kwance wani murfi su jira shi. Ya kashe waya ya ci gaba da labarin da ya fara.

Don tun da muka bar Deira bakinsa bai rufu ba. Ya ce mahaifiyarsa sana'arta ke nan a bakin teku a jiharsu Tarangganu, da ita ta yi masa makaranta. Ya ce tun zuwansa Dubai komai ya sa a baki kamar takarda, ba ya barci, yana jin kunyar gaya wa manaja cewa babban mutum kamarsa abinci ne ya kayar da shi. Ni ma na ba shi labarin watannina na farko, yadda na rayu a kan burodi da shayi, har na gano wani ɗan Kano a unguwar Sabka mai tuwo da miyar kuka, na ci ina share hawaye ina cewa yaji ne. Ya buga cinya ya ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ne!"

Da hanya ta buɗe na taka iya abin da doka ta yarda. Mun isa ƙofar tasha ana kiran sallar azahar. Mai gadi ya dubi takarda, ya dubi agogo, ya shinshina iskar motar, ya girgiza kai ya ɗaga mana sandar ƙofa. Kafin la'asar sakaliya na ji injin jirgin ya yi gurnani ya tashi.

Da yamma na kai wa Malam Isufu guda biyu da na ɓoye masa. Sun huce sun sandare. Ya gatsa, ya ja, ya sake ja, abin ya ƙi yankewa. Ya dube ni ya ce, "Bon. Bitrus, a kan wannan robar na sa aikina a kasada?" Duk garejin aka kwashe da dariya. Ranar Asabar kuma ni na wanke motar ciki da waje, don ɗanyen da muka yi yawo da shi ya bar mana tsarabar ƙarni.

Ƙarshen wata ya zo, Injiniya Rosli bai tafi ba. Sai da ya kai 2014 tare da mu. Ba zan ce kifi kaɗai ya riƙe shi ba, amma a matakalar Kak Midah ya samu mutanensa, ya san inda zai je ranar hutu. Daga baya Malam Isufu da kansa ya riƙa tambayar duk sabon ma'aikaci abin da yake ci a garinsu, ya haɗa shi da direban da ya san lungun.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, doka ba abokiyar gabarku ba ce. Da na ratse a ɓoye, da wataƙila ba ni nake muku magana yau ba. Ka tsaya ka kira na gaba da kai, ka faɗi gaskiya ko da za ta ba da dariya. Sannan ku sani, a garin nan kusan duk wanda kuka ɗauka baƙo ne, daga lebura har manaja, kuma kowa da abin da ya baro a gida. Ofis takardunsa kawai yake gani. Ku ne kuke ganin fuskarsa. Don haka in kun duba madubi don motar da ke bayanku, ku ɗan dubi mutumin da ke zaune a kujerar baya.