Attahir Mai Rediyon Tenhya, Ban Yafe Jininka Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Sha'aban, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina Attahir Jika a Tenhya. Ya faɗo ne daga dogon turken ƙarfe yana ɗaura eriyar rediyonsa. Ni Haris ina ƙasa, igiya na hannuna.

Attahir, a garin da waya ba ta samun rezo sai an hau tudu, kai ne bakinmu. Da rediyonka na kira da amsawa ka nemo motar asibiti ranar da naƙuda ta tsananta wa ƙanwata Ummu. Da shi kake shaida wa makiyaya rijiyar da ta ƙafe, kafin su wahalar da garke a banza.

Bara, da aka kore raƙuman maƙwabcinka Husaini, kai ka kira abokinka a Belbeji, jandarmomi suka tare su a bakin kasuwa. Sabi'u aka kama da akala a hannu. Da ya fito daga kaso, ya tsaya gaban masu shayi ya ce, "Ka yi ta hawa, Attahir, ina nan ƙasa ina jiranka." Ka yi dariya, mu ma muka yi.

Sabuwar eriyar nan mai haƙora kamar matsefi, ka daɗe kana ɗokinta. Ka ce tsohuwar watsa murya take ko'ina, wannan kuwa inda aka nuna bakinta can take jefa magana, har Agadas. Ka hau, na tura maka ita da igiya, ka ɗaure, ka leƙo ka ce, "Haris, duba mini, ta fuskanci arewa?" Kafin in amsa, ɗaya daga cikin wayoyin ƙarfen da ke riƙe da turken ta tsinke. Turken ya kwanta da kai.

Bayan jana'iza na ɗauko wayar. Ba tsatsa ta cinye ta ba. Zarto aka sa mata, aka bar ɗan silli, aka shafe wurin da ƙasa. Matan da ke zuwa rijiya sun ga Sabi'u durƙushe a gindinta ana gobe za ka hau. Tun ranar ba a sake ganinsa ba.

Dattawa sun zo suna cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta riƙe zarto. Na kai wayar wurin jandarmomi a Tanut da hannuna. Sabi'u, ko wace rijiya ka tsaya shan ruwa, akwai wanda Attahir ya taɓa yi wa alheri a bakinta. Za a kawo ka, kuma ina nan gaban alƙali ranar, zan kalli idonka. Allah Ya hana ka barci, Ya hana ka inuwa.

Allah Ya jiƙan ka, Attahir, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna makoma. Balki, Allah Ya ba ki dangana, Ya raya miki 'yarku Mu'minat. Haƙurin rashin mijinki nake ba ki. Yafe wa Sabi'u kuwa, ba zan roƙe ki ba, don ni ma ban yafe ba.